Mijina Mutumin Tafki da Ruwan Masfala

A Masfala aka haife ni, can ƙasan Harami, inda duk abin da Makka ta zubar yake gangarowa. Har na yi aure ban taɓa ganin ruwan da ya fi na cikin randa yawa yana zaune wuri ɗaya ba. Ruwa a wurinmu abin saye ne. Mai ruwa ya shigo da garwa biyu rataye a sanda, ya juye, a rufe randa da faifai, duk yaron da ya zubar da moɗa guda jikinsa ya gaya masa. Sai Allah ya haɗa ni da mutumin da ya fito daga bakin Tafkin Chadi, kuma sana'ar da ya samu a Makka ita ce ɗaukar ruwa.

Da ƙafa ya taho aikin hajji, ta Sudan, yana yi wa mutane ƙwadago yana matsawa gaba. Ya sauke farali, guzuri ya ƙare, ya tsaya neman na komawa. Nan ya gan ni ina taya Inna, mahaifiyata, suyar ƙosai a bakin hanya. Ƙosai ya zo saye, abin ya ƙare da aure. Mutum ne dogo, mai sanyin hali, ba faɗa ba zagi. Ciwonsa ɗaya ne, tafki. Idan ya dawo da yamma kafaɗa duk kanta, sai ya zauna ya leƙa randa ya girgiza kai.

"Wai wannan shi ne ruwa. A garinmu wannan ko agwagwa ba ta tsayawa ta dube shi."

Daga nan an buɗe ke nan. Ƙasarsu shimfiɗe take, ciyawa iya ganinka, babu dutse ko na dakan yaji. Tafkin kuma ba a hango ƙarshensa, amma a wurare da yawa mutum zai yi tafiyar wuni a ciki bai wuce masa ƙirji ba. Akwai tsibirai da mutane a kai, akwai kuma na ciyawa zalla waɗanda iska ke turawa, ka kwana da su a gabas ka tashi suna yamma. Shanunsu masu manyan ƙahoni iyo suke yi su je kiwo. Jirgin ruwa ma da ciyawa ake ɗaure shi. Da yamma samari su kife manyan goruna su hau ruf da ciki su yi tsere, 'yan mata na gaɓa suna guɗa, wanda ya zo ƙarshe a tsoma shi har sai ya yi rantsuwa ba zai ƙara ba.

Inna takan saurara daga inda take gyaran wake, ba ta duban wajensa saboda kunyar suruki, sai ta yi magana da ni.

"Ke, tambayi mijin nan naki, shanun idan sun gama iyon, alwala suke yi ko tafiya kawai?"

Shi kuma sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Gaya wa Inna, wallahi da idona na gani."

Da a hira abin ya tsaya da babu damuwa. To, shekarar da 'yarmu ta fara tafiya, ya zaunar da ni ya ce wasu mutanen ƙasarsu za su koma bayan hajjin bana, kuma ya gama shawara, da mu za a tafi. Tsohuwarsa tana can, bai san halin da take ciki ba. Na ce ni ma tawa tsohuwar ga ta nan zaune, ƙafarta ba ta kai ta Mina ba tare da jaki ba, wa zan bar wa ita? Ya ce yayyena maza suna nan. Na yi kuka, na yi fushi, na dafa masa tuwo ba gishiri a miya, ya cinye ya yi hamdala. Mutum mai sanyin hali idan ya kafe ya fi mafaɗaci wuya, don ba ka samun inda za ka kama shi.

Har ya fara shirya ni. Ya samo wata ƙatuwar gora a wurin mahajjatan Sudan, ya ce matar bakin tafki dole ta iya ruwa. Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya ce in hau gorar ruf da ciki in riƙa harba ƙafa ina jan hannu. Ni da na haifu tsakanin duwatsu, ga ni ina iyo a kan ƙasa busasshiya, ƙura na tashi, yana tsaye yana cewa, "Ɗaga kai, za ki sha ruwa." Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ga wannan aiki, ta koma da baya, kafin la'asar unguwa duk ta ji cewa aljanu sun buge ni, ana yi mini magani irin na mutanen Barno. Har da masu kawo mini tazargade.

Ana saura 'yan watanni hajji, wata rana bayan azahar, sama ta yi baƙi ta wajen Mina. A unguwarmu yayyafi kawai aka yi, amma duk ɗan Makka ya san ba na kanka ne abin tsoro ba, wanda ya sauka a kan duwatsu ne. Dutse ba ya shan ruwa, duk ɗigon da ya faɗo sai ya gangaro kwari, kwarin kuwa mu ne. Can sai muka ji ihu daga sama: "Sel! Sel! Yalla ya jama'a, ku hau dutse!" Sel shi ne sunan wannan ambaliya a bakin kowa, ba a faɗarsa sau biyu ba a ga ƙafa ta motsa ba.

Na saɓa yarinya a baya, na kama hannun Inna. Na waiwayo na ga Malam, mijin nawa, ya ɗauko sandar ɗaukar ruwansa, ya je ƙofar gida inda wani siririn ruwa ya fara bin lungu, ya kafa ta a bakinsa, ya ɗaura tsumma daidai inda ruwan ya tsaya. Sannan ya jawo kujera ya zauna.

Na ce, "Malam, mene ne haka?"

Ya ce, "Awo. Ku mutanen Makka ba ku san ruwa ba, shi ya sa kuke gudu kamar an ce wuta. Mu duk shekara tafki yana ci mana gari. Da sanyi yake zuwa, bayan damina ta wuce, a hankali. Ka kafa sanda da yamma, da safe ka duba. In ya hau yatsa ɗaya, kana da lokacin da za ka kwance jinka, ka ɗaure hatsi, ka yi sallama da maƙwabta. Ruwa yana sallama kafin ya shigo."

"Wannan ba ya sallama! Wannan moya ne, ruwan Makka, tashi!"

"Ku je dai, tunda hankalinku ya tashi. Zan duba in ga saurinsa, sai in biyo ku da kaya."

Inna, wadda tun aurenmu ba ta taɓa yi masa magana kai tsaye ba, ta ce, "Ke, gaya masa in ya gama awon ya auno mana mu ma." Ta ja ni muka fita.

Ba mu kai rabin dutse ba muka ji rugugi. Na waiwaya na ga abin ya kwararo ta bakin lungu, jajawur, tsayinsa ya fi mutum, da akuya a ciki, da gadon wani, da kwandunan 'yan kasuwa suna juyi. Gidajenmu na katako ne da garwar kananzir da aka buɗe aka daddale, ba su iya tsaya wa irin wannan. Na ga Malam ya miƙe ya sunkuya wajen sandarsa, wai zai duba tsumma. Ruwa ya ɗauki sanda, ya ɗauki kujera, ya ɗauki mai awo. Na ga farar hularsa sau ɗaya a kwanar lungu, daga nan ban ƙara ganin komai ba.

Ba zan ɓoye ba, a ranar na san ina son mutumin nan. Na zauna a kan dutse ina kururuwa, ina cewa Allah ya dawo mini da shi, ko cikin tafkin ne zan bi shi, ko a kan gorar ce zan hau. Inna tana riƙe da ni tana salati, ita ma hawaye take yi.

Sel ba ya daɗewa. Kafin rana ta faɗi ruwa ya janye ya bar laka har gwiwa. Maza suka bi kwari suna nema. Ana haka sai ga wasu sun taho da shi daga wajen Kudai, inda kwarin ya buɗe ruwa ya baje. Ashe ƙyauren gidanmu ya kama, ya hau shi ruf da ciki yadda ya koya mini, har ƙaya ta tare shi. Jikinsa duk ƙurje, ruwa ya tuɓe masa riga da wando, wani mai tausayi ya ba shi buhun gawayi ya ɗaura. Da ya hango Inna sai ya laɓe bayan wani jaki, ya ƙi fitowa. Jakin na matsawa yana matsawa. Inna ta juya baya ta ce, "Gaya masa ya wuce, ban ga kowa ba. Sannu da awo."

Kwana biyu bai yi maganar ruwa ba. Da ya buɗe baki, cewa ya yi ƙasar da ruwa ke shigo wa mutum kamar ɗan fashi ba wurin zama ba ce, tafiya ta ƙara tabbata. Ni kuwa na riga na yi wa Allah alkawari a kan dutse. Na ce to.

Sai dai tun daga nan ya tsiri fita da asuba. Ashe inda ƙaya ta tare shi ya lura da wani kwazazzaɓo da ruwa ya kwanta, ya bar baƙar laka mai kauri. A ƙasarsu idan tafki ya fara janyewa, bin sa ake yi a baya ana shuka a danshin da ya bari, ba a jiran ruwan sama. Hannunsa ya ƙi zama. Ya samo irin kankana da wake da kuɓewa, ya riƙa bin bakin ruwan nan kullum yana tona rami da tsinke. Abokan aikinsa suka yi ta yi masa dariya, suna cewa ruwa ya taɓa masa kai, wa ya taɓa noma a Kudai? Abin ya tsiro. Ya kewaye shi da ƙaya, ya riƙa ragar ruwa a garwarsa yana kai wa, mutumin da ya raina ruwan garwa.

Ni ina can ina shirin tafiya da gaske. Aka yi hajji aka gama. Na bayar da tukwanena, na bar wa matar yayana gadona. Na bi gida gida a unguwa ina neman gafara, ana rungume ni ana kuka. Wannan ta ba ni dabino, waccan turare, wata tsohuwa ta ba ni zobenta ta ce in tuna da ita. Daren ƙarshe ni da Inna ba wadda ta iya cin abinci.

Ranar da motar Jidda za ta ɗauki ayari, na ɗaure kaya, na goya yarinya, na zauna a ƙofar gida idanu a kumbure. Shiru ba Malam. Rana ta ɗaga sai ga shi ya taho, ƙafa duk laka, riƙe da wata 'yar kankana da ba ta fi dunƙulen hannu ba.

Ya ce, "Dubi, ta fara 'ya'ya. Ga awakin Kudai sun gano wurin. Yanzu mutum ya tafi ya bar musu wannan?"

Na ce, "Malam, me kake nufi?"

"A wurinmu ba a barin gona da amfani a tsaye. Abin kunya ne. Sai baɗi, in Allah ya kai mu."

Wallahi da tukunya na hannuna da na kifa masa, to duk na bayar. Na ce da wane ido zan dubi unguwa? Wadda na yi wa kuka jiya in haɗu da ita gobe a wurin niƙa? In mayar da zoben ko in riƙe? Gadona fa, a kan me zan kwana? Inna ta fito ta tsaya tana duban mu, ta ce, "Ke, rufe mana baki, kwance kayan nan tun bai canza shawara ba."

Ya ce in zo mu je mu yi wa mutanen rakiya, na bi shi ina ta mita har tashar mota. Can ya kama hannun wani dattijo ɗan garinsu, ya ciro ƙullin dabino da kwalbar zamzam da farin mayafi daga cikin rigarsa, a naɗe tsaf. Ba ranar ya haɗa su ba, duk mai ido ya gani. Ya ce, "Ka kai wa tsohuwata in ka same ta da rai. Ka ce mata ina da 'ya, kuma ina noma." 

Mota ta tashi. Ya tsaya yana kallon ta har ƙura ta lafa, hawaye na bin gemunsa, bai share ba. Ni da na samu abin da na yi watanni ina roƙo, na rasa inda zan sa kaina don tausayi. Tafiyar baɗin nan bai ƙara ambatonta ba, ni ma ban taɓa tuna masa ba. Na karɓi 'yar kankanar daga hannunsa na riƙe masa, muka juya gida.