Layi da Laya

Kalmar Turanci ta farko da ta shiga kunnena ba ta yi sallama ba, ni ma ban gane ta ba. Har yau Turancina bai cika cokali ba. Sai da furfura ta fito na zauna ajin yaƙi da jahilci, kuma wanda ya ga rubutuna ya san wa ya ci yaƙin.

Shekarar da na yi aure wasu Turawa biyu suka sauka Illela, ɗaya na Ingila ɗaya na Faransa, da 'yan dako da doguwar sarƙar awo. Gonarmu ta gado tana arewa da gari, kan hanyar Ƙwanni. Nan suka tsaya suka yi ta leƙen wani madubi mai ƙafa uku, sannan suka sa aka tara duwatsu a tsakiyar geronmu, kusa da gawo. Na tambayi tafintansu, wani mai saurin baki, ko mi ake yi. Ya ce Bature ya sa layi a nan, kada kowa ya taɓa.

To mu layin da muka sani shi ne na mai jiri, ko na wanda ya sha abin da bai kamata ba. Tun da Baturen tsaye yake ƙyam, na yanke cewa laya mutumin ya ce. Haka na kai labari gida, har da ƙarin gishiri: na ce da idona na ga jar fatar da aka ɗinke ta da ita.

Inna, mahaifiyata, ta ajiye muciya ta rantse ba za a dafa geron da ya tsiro bisa layar Nasara a tukunyarta ba. Ga gero ya fid da kai, rumbu ya kusa ƙasa, ba mu da wata gona. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, tawa kam ta fara 'ya'ya.

"Tun da ka gan ta da idonka, sai ka tone ta da hannunka," in ji Inna.

Bayan Turawan sun tashi, na bari sai rana ta take tsaka, kowa na inuwa, na ɗauki fartanya. Na kwashe duwatsun na haƙa har kugu. Ba komai sai saiwar gawo da wata kunama da ba ta ji daɗin ziyarata ba. Na cike ramin na mai da duwatsun, da ƙarin taku biyu arewa, sadaka ga Ingila.

A masaukin Turawan na tsinci gwangwanin kifi mai rubutu a jiki. Na daddatse shi da dutse, na naɗe cikin fatar tsohon takalmi, na shafe da ƙasa. Inna ba ta taɓa shi ba. Da tsinke ta juya shi, ta yi a'uziyya, ta sa na jefa a matacciyar rijiya. Shekarar nan mun ci tuwo.

Malamin ajinmu ne, bayan shekaru barkatai, ya warware mini. Ya ce a wurin Turawa asalin kalmar sunan zare ne, wanda ake kaɗawa daga wani tsiro mai kama da rama. Magina suka riƙa jan sa don bango ya miƙe, daga nan duk abin da ya miƙe ya ci sunan: layin dogo, layin gidaje, layin da ake shiga a asibiti. Na ce ai layar ma da zare ake naɗe ta kafin a kai wa baduku. Ya ce babu haɗi, Baba. Na bar shi, yaro ne mai karatu.

Inna ba ta kai ga jin wannan bayani ba. Amma tana da rai wata kaka da muka ɗauko dammunan gero daga arewacin gonar, wani gardi, wato ɗan sandan Faransa, ya tare jakinmu daidai gawo. Ya ce geron a ƙasarsu ya tsiro, ba ya ƙetare layi sai da takarda. Inna ta dubi duwatsun, ta dubi gardin, ta daɗe tana dubana.

"Kai, ɗan nan," ta ce a hankali, "ashe ba ka tone ta duka ba."

Na sunkuya na fara kwance wa jakin kaya.