Ranar da Na Cika Randar Malam Nomau

Duk wanda ya ce muku na tsayar da mota ranar da aka kwashe makarantarmu don a ɗauko mini tukunyar ƙasa, bai san abin da yake faɗa ba. Wasu ma cewa suke kuka na tsaya yi. Ban yi kuka ba, kuma ban nemi a ɗauki randar ba. Tunda ku sababbin malamai kun ishe ni da tambaya, ga yadda aka yi.

Ban taɓa mantawa da wannan Alhamis ɗin ba, amma dole in fara da Malam Nomau. Shi ya koya mini Turanci a aji huɗu, a makarantar ƙauyenmu da ke gefen Turba. Da na gama sakandare aka ɗauke ni malamar wucin gadi, wato mai koyarwa da ba ta da takardar malanta, aka haɗa ni da shi aji ɗaya in koyi aiki. Ni ba ni da haƙuri. Shi kuwa darasi guda sai ya cinye masa safiya.

Akwai wanda yara ke kira darasin randa. A bayan ajinsa akwai wata tsohuwar randa, ya kan zo kuma da kwandon gyaɗa da dafaffen rogo. Ba ya rubuta komai. Ya ce shell, a ɓare gyaɗa. Ya ce peel, a ɓare rogo. Pull out, a fita a tuge ciyawa. Sweep, a share ɓawon. Throw away, a kai shi juji. Daga nan sai pour out, kowa ya ɗebi moɗa ya zuba a gindin darbejiyar da ke bakin ƙofa, har ya ce empty, a karkata randar a tsiyaye ta tas. Kalmar ƙarshe kullum ɗaya ce: fill. Aji duka a jera zuwa rijiya, ba mai tashi sai randa ta cika.

Wata rana na ce, "Malam, wanga aiki ya yi yawa. A rubuta musu a allo su haddace mana."

Ya ce, "Lubabatu, hannun da ya yi aiki shi ka tunawa, ba kunne ba. Kuma wanda kika koya ma zubarwa, koya mishi cikawa. In ba haka ba ɓarna kika koyar. Ba a tashi a bar randa ba ruwa."

Na ce to, a raina ina cewa tsufa ne.

Da idonsa ya yi rauni ya ajiye aiki, ya koma wurin ɗiyarsa can ƙetaren iyaka, cikin Nijar. Aji ya zama nawa. Gaskiya ɗaya ce: ban ƙara yin darasin randa ba. Na jera kalmomin a allo, yara suka rera, muka wuce. Randa ta bushe a lungu.

Bayan an yanke gero sha'anin 'yan bindiga ya tsananta, mutane suka fara tashi. Takarda ta zo daga ofishin ilimi cewa a rufe makaranta, a haɗa mu da wata a cikin garin Isa. Ƙa'idar ita ce a ɗauki rajista da littattafai da benci da alluna, a kulle, a miƙa mabuɗi ga maigari. Hedimasta, Malam Sani, ya ba ni takardar in karanta wa malamai. Remove, clear, empty. Irin kalmomin Malam Nomau ne sarai, sai dai na duba har ƙasan takardar ban ga kalmarsa ta ƙarshe ba.

Mota ɗaya aka turo. Direban ya ce kafin azahar za mu tashi, don bayan nan ba mai bin hanyar. Muka kwashe komai. Na koma ajina in rufe taga, sai ga randa ita kaɗai, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinta. Na tsaya. Wallahi kamar in ji tarinsa a bayana, da ƙarar gyaɗa a hannun yara. Na ɗauki bokiti na nufi rijiya.

Malam Sani ya biyo ni. "Ke Malama, mi kike yi haka?"

"Za ni cika randa, ranka shi daɗe."

"Wa za shi sha? Aljannu? Kowa ya shiga mota!"

"Bokiti huɗu ne."

Direba ya danna oda, ya leƙo. "Ƙanwata, in wanka za ki yi, akwai ruwa Isa!"

Na wuce abina. Na wanke randar, na yi sawu huɗu, guga na cin tafin hannuna. A sawu na uku matar wani malami ta ɗaga murya daga saman kaya ta ce in ni na gaji da duniya, su suna da ɗiya. Ta yi gaskiya, na kuma sani a lokacin. Duk da haka na ƙarasa, na rufe randar da faifai, na kulle ƙofa.

Ana kiran sallar azahar muka tashi. Har muka shiga Isa kowa idonsa na kan daji. Allah ya kiyaye, ba dabarata ba.

Washegari aka ba ni takardar tuhuma, wadda ake ba ma'aikaci ya bayyana dalilin laifinsa a rubuce. Na rubuta cewa na yi kuskuren jinkirta mutane, na kuma nemi gafara. Malam Sani ya karanta, ya ce in na sake sai kora. Har na kai ƙofa ya tambaya, ba tare da ya ɗago ba, "Kin rufe bakin randar dai?" Ashe shi ma ɗalibin Malam Nomau ne.

Abin da na koya shi ne, aikinmu ba kalma ba ce a allo. Yaran da ke gabana yanzu an raba su da gida da gona da rumbu. Ba sa bukatar in fassara musu empty, sun gani da idonsu. Ɗayar ce, fill, ba wanda ya nuna musu.

Na san ruwan can ya daɗe da ƙafewa. Kullum na tuna darbejiyar nan, ban san ko tana da rai ba. Saboda haka ranar kasuwa za ni sayi randa, Alhamis mu yi darasin daga farko har rijiya, ko zai ci safiya duka. Akwai kuma wani mai kai albasa ƙetare da ya san gidan ɗiyar Malam. Za ni ba shi saƙo, ba mai tsawo ba: a ce wa Malam, Lubabatu ta bar randarsa cike.