Dogo Baduku da Kunkurun Matarsa

Marigayi Dogo baduku ne, ɗan baduku, jikan majemi, kuma a gidansu ya taso da sanin cewa duk fatar da ta bushe mai take nema. Sa'ad da matarsa ta kwanta jinya, shi yake shafa mata mai a ƙafafu kowace safiya. Bayan rasuwarta, sai ya koma shafa wa kunkurun da ta bari a tsakar gida, daga ƙoƙon baya har wuya.

Da kunkurun ya fara ƙin abinci, 'yarsa ta kai su wurin likitan dabbobi.

"Baba, wannan fa ba takalmi ba ne," in ji likitan. "Man datti yake tara masa. Ruwan ɗumi ya ishe shi."

Dogo ya kasa dainawa. Daga bisani ya kai kunkurun gidan 'yar, ya zauna shi kaɗai. Da ta tambaye shi dalili, ya ce, "Hannuna ba ya jin maganar likita, 'yata. Muddin yana gabana zan shafa masa, kuma ba na son in binne shi shi ma."