Wa Zai Ji Haushin Takardar Nan?

Shekara talatin da huɗu mahaifiyarmu ta yi tana buga tafireta a ofishin wani lauya, a saman bene, ƙasansa shagon mai gyaran agogo. Ɗaki biyu ne kacal. Na ciki na Lauya, na waje nata, da teburi, da bencin masu jira, da wata fanka mai kuka kamar tsohuwar ƙofa. Duk layin Mai Tafireta ake ce mata, ko bayan da aka kawo kwamfuta aka tura tsohon injin ƙarƙashin teburi.

Yawancin aikinta wasiyya ce da takardar wakilci. Kowacce da jimla ɗaya take farawa, cewa mai maganar yana cikin hankalinsa, kuma ba wanda ya tilasta shi. A Turancin lauyoyi, kalmar da ke riƙe da jimlar ita ce sound. Lauya mutum ne mai son a san ya yi karatu, don haka ya sha zaunar da ita yana mata lacca. Wai kalmar tana nufin ƙara, tana nufin katangar da ba ta tsage ba, tana nufin hujjar da ba ta da makusa, a gaban alƙali kuma tana nufin mutum ya san abin da yake yi. Mama takan bar shi ya gama tsaf, sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, duk na ji. To wancan tsohon da ke kan benci fa, da wanne za mu auna shi?"

Shi Lauya awonsa sananne ne. Zai tambayi mutum yau wace rana ce, wace shekara ake ciki, 'ya'yansa nawa. Mama kuwa nata daban. Kafin ta sa takarda a inji sai ta haɗa wa mutum shayi, ta jira ya kurɓa, sannan ta tambaye shi, "Baba, wa zai ji haushin takardar nan?"

In ya faɗi sunan wanda zai ji haushin, ya kuma faɗi dalilin da ya sa duk da haka yake so a rubuta, sai ka ji tafireta ta kama aiki. In kuwa ya juya yana kallon wanda ya rako shi, sai ta ce zaren inji ya ƙare, a dawo jibi, kuma tsohon ya zo shi kaɗai. Ina ƙarama na yi zaton babu injin da ya kai namu cin zare a duniya.

Mu biyu ta haifa. Yaya ne babba, mutum mai sanyin hali, wanda ko kaza ba ya iya kora da ƙarfi. Shi ke yanke mata farce, shi ke sayo mata man zafi. Ni kuwa tun ina goye ake ce mini Tsiwa, kuma ban taɓa ba sunan kunya ba. Ni da Mama ba ma kwana uku ba mu yi cacar baki ba, ko a kan labule ne.

Shekara shida bayan ta bar aiki, mantuwa ta fara. Ta sa gishiri sau biyu a miya, muka yi dariya. Muka tsinci makullin gida a firij, muka sake dariya. Ranar da ta tsaya a bakin layinmu tana tambayar mai kanti ina ne gidanta, ba wanda ya yi dariya. Likita bai ɓoye mana ba, ya ce abin gaba zai yi ta yi. A mota, da muka kusa gida, sai ta ce, "Gobe ku kai ni ofis. Zan rubuta wanda zai riƙa yanke mini shawara in hankalina ya tafi, tun ina da bakin faɗa."

Lauya ya riga mu gidan gaskiya, 'yarsa ce ke riƙe da ofishin. Barista muke ce mata, amma Mama ta goya ta. Muka hau benen a hankali, Yaya riƙe da hannun Mama. Ni da shi ba wanda ya yi shakkar cewa sunan Yaya za a rubuta.

Barista ta tambaye ta rana. Mama ta ce Talata, alhali Alhamis ce. Ta tambaye ta shekara, Mama ta koma baya da shekara goma sha ɗaya. Barista ta ajiye biro, idonta ya cika. Na ji tsoro ƙwarai. In aka ce ba ta cikin hankalinta, shi ke nan, maganarta ta daina zama magana tun tana zaune a gabanmu.

Mama ta dubi Barista sama da ƙasa. "Ke, haka aka koya miki aiki? Ina shayina?"

Aka kawo shayi. Ta kurɓa, ta ce, "To, yi mini tambayar."

Barista ta share ido. "Mama, wa zai ji haushin takardar nan?"

"Wannan," ta nuna Yaya. "Don ƙanwarsa zan rubuta. Zai ce na ƙi shi, alhali ya fi kowa sanin ƙarya ne. Ɗana, kai ba ka iya ganin hawayena. Rana na zuwa da zan ƙi shan magani, zan ce a buɗe mini ƙofa in fita, kuma kai za ka buɗe. Wannan mai taurin kan ce kaɗai za ta iya ce mini a'a, ta kuma ci abincinta."

Yaya ya sunkuyar da kai.

Barista ba ta yi gaggawa ba. Ta nemi takardar likita, ta sake kiran Mama bayan mako guda, ita kaɗai. Ranar ma Mama ba ta san kwanan wata ba, amma amsarta ba ta canja ba ko kaɗan. Aka buga, ta sa hannu, ta kuma nuna musu inda suka manta waƙafi.

Yau shekara uku ke nan. Tafiretar tana ɗakinta, Barista ce ta aiko mata da ita. Wani lokaci takan ɗora yatsu a kai ta buga jimlar farkon nan ba kuskure, ko da yake ba ta san sunana ba.

Shekaranjiya da safe ta yi wanka, ta ɗaura ɗankwali, ta rataya jaka, wai ta makara, mutane na jiranta a benci. Ta tarar da ƙofa a kulle. Ta roƙi Yaya, tana kiransa bawan Allah, hawaye na zuba. Na ga hannunsa ya tafi aljihu wajen makulli.

Na shiga tsakaninsu na ce, "A'a, Mama. Ba inda za ki."

Ban ci abinci ba ranar, a nan kam ta yi kuskure. Amma ban matsa daga ƙofar ba. Ta harare ni ta daɗe, sannan ta juya wajen Yaya.

"Bawan Allah, wace ce ta haifi wannan mai taurin kan?"

Yaya ya fitar da hannunsa daga aljihu, ba makulli. Ya karɓi jakarta a hankali.

"Ke ce, Mama," ya ce. "Kuma ke kika zaɓe ta."