Firjin da Oga Ya Ɗauke

Lokacin da aka ce ma'aikatarmu ta tattara ta koma Abuja, shekarata uku ke nan a kan aiki ɗaya a ɗakin gwaje-gwajenmu na Ikko. Wata tsohuwar likita 'yar ƙasar Sin, wadda ta yi 'yan watanni tare da mu, ita ta bar mini ƙullin wata busasshiyar saiwa mai ruwan ɗorawa, ga ɗan karen ɗaci. Ta ce a garinsu tun kakanni da ita ake maganin gudawa da miki, amma ita kanta ba ta san ta inda take kama cutar ba.

Ni abin da nake bi shi ne wannan. Akwai ƙwayoyin cuta masu fitar da wani sinadari, enzayim muke ce masa, da yake lalata fenisilin tun kafin ya taɓa su. Shi ya sa za ka ga ana ta ɗirka wa mutum allura, mikin yana ƙara ruɓewa. Na tara irin waɗannan ƙwayoyi daga mikin marasa lafiya, ina rainonsu a faranti. In na ɗiga fenisilin kaɗai, sai su bazu abinsu. In na haɗa da ruwan saiwar, washegari sai in tarar da fili fayau kewaye da ɗigon. Zatona saiwar tana danne enzayim ɗin ne, fenisilin ya samu ya yi aikinsa. Zato ne kawai. Saura in maimaita har in tabbatar.

Ban yarda kowa ya ɗauko mini kwalaben da na adana ƙwayoyin a ciki ba. A gaban motar kaya na zauna, suna cikin kula a kan cinyata, muna tsayawa gari-gari ina neman ƙanƙara. A Garki aka ba mu ɗaki biyu a ƙasan bene, ko famfo babu, amma akwai wuta. Na jona firjina, na jera kwalaben, na manna takarda a ƙofarsa cewa kada a kashe. Gidan da aka yi mana alkawari bai samu ba, sai na kama ɗaki a Karmo.

A sati na biyu zazzaɓi ya kwantar da ni kwana huɗu. Ranar da na dawo, wurin firjin wayam. Kwalabena suna cikin kwali a bakin taga, rana ta gasa su, wasu sun fashe, ɗakin yana ɗoyi. Abokiyar aikina, wata 'yar Filato, ta kasa haɗa ido da ni.

"Na ce wa masu ɗaukar firjin kayan madam ne, kar a taɓa," in ji ta. "Suka ce oga ne ya aiko."

Ta ce ta yi yawo ofis-ofis da kwalin tana neman inda za ta saka, babu wanda ya buɗe mata.

Na hau bene wurin oga, ban ko jira sakatariya ta yi mini iso ba. Ga firjin a kusurwar ofishinsa, takardata tana manne, ba su ma damu su ɓare ba. Na buɗe. Lemon kwalba da ruwan sanyi, na baƙi.

Na gaya masa abin da ke cikin kwalaben nan, da shekarun da na kwashe, da irin mutanen da na durƙusa gaban ƙafafunsu na ɗebo ruɓa. Yana ta juya biro. Da na gama ya ce firjin gwamnati ne, shi kuma manyan baƙi yake karɓa, ba zai ba su ruwan zafi ba.

"Malama, saiwar 'yan Caina ce fa. Ki leƙa kasuwa wurin masu maganin gargajiya, ba za ki rasa irinta ba."

"Ranka ya daɗe, ba saiwar ka kashe ba, kuma ka san haka, don kai ma ka karanci abin da na karanta."

Wannan ce ta ƙona masa rai. Kafin a tashi an miƙo mini takardar tuhuma kan rashin ladabi. Wata bai cika ba aka mayar da ni sashen ajiye fayil, wai kafin a gina ɗakin gwaji na sosai. Shekara shida ina kaɗe ƙurar fayil. Da aka gina ɗakin, an sauya mini layi, hannuna ma ya manta aikin. Ban taɓa sanin ko zatona gaskiya ne ba, kuma wannan ne yake cina har yau.

Bayan mun yi ritaya duka, na haɗu da shi a wurin makanikai a Apo. Ya tsufa, yana dogara sanda. Ya gaishe ni da fara'a, ya tambayi wane sashe na yi aiki. Na tuna masa komai, tun daga kwalin har takardar tuhumar. Ya yi ta ƙoƙarin tunawa, tsakani da Allah, sannan ya ce, "Wane firji?"

Na juya na ce wa makanikin ya rufe mini bonet, zan dawo wani lokaci. Na ja motar haka nan tana hayaƙi har gida.