Hosea, Wa Zai Buɗe Bakin Odell?

Ranar Alhamis, sha tara ga watan Disamba, da hantsi, Allah ya karɓi ran Hosea Brumfield a bayan gidansa da ke gefen garin Tchula, a nan Mississippi, yana da shekara saba'in da tara. 'Yarsa Ardella, wadda ta iso daga Chicago don hutun Kirsimeti, ita ce ta same shi zaune a jikin tayar motarsa, itacen da yake lodawa a warwatse a gabansa. Likita ya ce zuciya ce ta tsaya. Ina kicin ina fere dankali ta kira ni a waya, ta ce, "Anti Verlean, Baba ya rasu." Na ajiye wuƙar, na zauna a ƙasa kamar yarinya.

Hosea, da kai nake magana, domin ban saba yi da kai a bayan idonka ba. Da Ardella ta kashe waya, idona bai tafi ko'ina ba sai ƙofar falo, inda mijina Odell yake zaune a kekensa yana kallon taga. Na yi kukan rashinka, na kuma yi kukan abin da ka tafi da shi, domin kai kaɗai ne a duniyar nan kake iya sa mijina ya yi magana.

Kowa a garin nan ya san ka. Ka ƙare ƙarfinka a tafkunan kiwon tarwaɗa, har ƙarnin kifi ya zama turarenka, kuma na sha faɗa maka haka. Ba ka taɓa shiga gidan mutum hannu rabbana ba, haka kuma ban taɓa ganin ka iso gidana ba sai daidai lokacin da nake sauke tukunya. Amma abin da za a fi tuna ka da shi shi ne aikin da ka ɗora wa kanka duk watan Disamba. Da zarar 'ya'yanmu da jikokinmu sun fara sauka daga biranen arewa, sai ka ɗauki jitarka da kwalin tsofaffin fayafayai da na'urar juya su, ka bi gida gida. Ka zaunar da mutum mai digiri biyu a kan kujerar roba, ka sa masa faifai mai ƙarar tsatsa, ka ce, "Ajiye wayar nan ka saurara. Da wannan kakarka ta yi rawa har takalminta ya tsinke." Waƙoƙin masu tsinkar auduga, na masu gina madatsar kogi, na matan da jirgin ƙasa ya kwashe wa maza, duk ka san inda suka fito. Wanda ka ga idonsa ya canza yana sauraro, sai ka zare faifan ka miƙa masa kyauta. Daga nan ka wuce gidan kula da tsofaffi, ka yi musu kiɗa har ma'aikata su roƙe ka ka tafi.

Gida ɗaya ne ba ka shiga da jita, shi ne nawa. Kai da Odell kun taso tare, kuna samari kana kiɗa yana waƙa a wuraren suyar kifi na ranar Asabar. Amma kafin ya aure ni ya yi baftisma, ya ajiye irin waƙar nan ta Asabar, wadda ake kira blues, da kansa, ya zama dattijon ikilisiya. Ni kuwa a ƙungiyar mawaƙan coci na girma, a ciki na yi furfura. A gidanmu an koya mana cewa waƙar Lahadi daban, ta Asabar daban, kuma ba a haɗa su a baki ɗaya. Ban taɓa jin mijina ya rera blues ba, ban kuma taɓa nema ba.

Sai shanyewar ɓarin jiki ta same shi. Hannun dama ya mutu, ƙafa ta mutu, magana ta ɗauke. Mutumin da yake jan addu'a har mutane su fara gyaran murya don ya taƙaita, ya koma ba ya iya cewa a ba shi ruwa. Yakan buɗe baki, ya yi ta kokawa, sai hawaye. Shekara biyu muka yi haka. Ina yi masa wanka, ina ba shi abinci a baki, ina surutu ni kaɗai, ban sani ba ko yana fahimta ko ƙarar muryata kawai yake ji.

Kirsimetin da ya cika shekara ta biyu ka zo da rana da kifi a leda, jitar tana rataye a bayanka. Na tare ka a bakin ƙofa.

"Ɗan'uwa Hosea, kifin ya shigo, kai ma ka shigo. Wannan abin kuwa ya koma mota. Yau ranar haihuwar Ubangiji ce."

"To ai ni ma murnar nake taya shi, 'yar'uwa Verlean," ka ce. "Amma gidanki ne. Baranda dai ba ki hana ni ba, ko?"

Ka zauna a baranda cikin sanyi, ka zura ɗan yatsanka a wuyan kwalbar nan da kake goga wa tsirkiya, jitar ta fara kuka kamar mutum. Ka ɗaga murya yadda na ciki zai ji, ka ƙirƙiri baiti nan take: "Na zo gaida abokina, matarsa ta tsare ƙofa." Ka maimaita shi, yadda ake yi a blues, baiti ɗaya sau biyu kafin na uku ya zo ya ba da amsa. Amma da aka zo na ukun sai ka yi shiru. Hannunka ya ci gaba da kiɗa, bakinka a rufe, ka bar gurbin a buɗe.

Daga falo na ji wata murya, a dishe, tana jan ƙafa amma tana kan kiɗa: "Yi haƙuri, ni ma haka take yi min."

Ludayi ne a hannuna, ban san lokacin da ya faɗi ba. Shekara biyu ina roƙon Allah ya ba ni kalma ɗaya daga bakin mijina, da ta zo kuma sai ta zo da tsiya, kuma ni aka yi wa. Na yi dariya, na yi kuka, na jawo ka ciki da kwalar riga, da kai da jitar. Daga baya likita ta ce mana hanyar waƙa da hanyar magana ba ɗaya ba ce a ƙwaƙwalwa, ɗaya takan toshe ɗaya ta tsira. Kai ba ka karanta wannan a ko'ina ba. Ka san abokinka ne kawai, ka san tun yana saurayi ba ya iya jin an bar baiti a rataye bai cike shi ba.

Tun daga ranar ka zama ɗan aike tsakanina da mijina. Duk Lahadi bayan coci kana nan, a lokacin Kirsimeti kuwa kusan kullum. Ni in faɗa maka tambaya, kai ka mayar da ita waƙa, ka rera sau biyu, ka jira. Ba kullum amsa take zuwa ba, in ta zo ma gajera ce. Amma ta bakinka na ji cewa takalmin da nake sa masa yana matse shi. Ta bakinka na ji cewa kunun da na shekara biyu ina ɗura masa kowace safiya, ya tsane shi tun ranar farko. Da ɗanmu ya so mu koma wurinsa a Memphis, ta bakinka Odell ya ce a gidan nan zai mutu, aka bar maganar.

Akwai tambayar da ban iya aiko ka da ita ba, sai kai ka yi ta da kanka. Wata Lahadi ina shigowa da kofi na ji ka rera, "Me kake gani in Verlean ta shigo?" Na tsaya cak. Ya daɗe, har na fid da rai, sai ya ce, "Yarinya mai farar riga a bakin kogi." Ranar baftismarsa yake nufi, ranar da ya fara ganina. Kai kuwa ka juyar da fuskarka bango, ka shiga gyaran tsirkiyar da ba ta lalace ba. Wannan kunyar taka ba zan manta da ita ba.

A haka, ina da shekara saba'in da wani abu, na san blues. Na zauna na saurari fayafayan da kake bar mana, na ji nishin da na sani tun ina yarinya a bakin uwata in tana wanki, irin wanda muke yi a coci in addu'a ta kai inda kalma ba ta zuwa. Amma fayafayan ba su iya aikinka ba. In na sa wa Odell yakan buga ƙafarsa mai lafiya, shi ke nan, domin mutumin cikin faifai yana amsa wa kansa, ba ya bar wa kowa wuri. In na rera waƙoƙin coci kuma yana bina tsaf, sai dai kalmomin ba nasa ba ne, ba za su gaya mini inda yake masa ciwo ba.

A bikin godiya na watan Nuwamban da ya wuce, kana cin ganye da burodin masara a teburina, ka ɗago ka dube ni.

"'Yar'uwa Verlean, ni fa ba ƙarfe ba ne. Ki koyi abin nan."

"Ni? Da furfurata in koma waƙar gidan rawa? Ci abincinka, malam."

"Murya dai kina da ita, ban musa ba. Jira ne ba ki iya ba. Ke ko Ubangiji kika yi wa tambaya, kafin ya buɗe baki kin amsa masa."

"Tsoho marar kunya! A teburina, da abincina a bakinka?"

Ka yi dariya har ka ƙware, Odell ma rabin fuskarsa ya yi murmushi. Muka bar ta a kan sai Kirsimeti, in ka sami sarari daga yawonka za ka koya mini. Ba mu san ba za ka ga Kirsimetin ba.

Na durƙusa gaban Odell na gaya masa ka rasu, da magana sak. Ya dube ni, bai motsa ba. Na kai shi jana'izarka, ya ga akwatin, ya ga jitarka a jingine a gefensa, bai motsa ba. Na kasa gane ko ya san abin da ya faru. Ranar Kirsimeti da rana sai ya tura kekensa da hannu ɗaya har ya fuskanci ƙofa, ya zauna yana jira. Na kawo abinci ya kau da kai. Washegari ma haka. Ga gida cike da 'ya'ya da jikoki, kowa yana lallashi, ba wanda ya san abin da yake cinsa, shi kuma ba hanyar da zai faɗa.

Da na ga zai bi ka da yunwa, na kori kowa zuwa kicin. Na jawo kujerar da kake zama. Ba ni da jita, ban iya ba, sai na fara buga diddigena a katakon ƙasa yadda kake yi. Na buɗe bakin da bai taɓa rera blues ba, na ce, "Hosea ya kwanta, ba zai ƙara zuwa ba." Na sake rerawa. Sannan na ciji leɓena, na ci gaba da buga ƙafa, na jira. Hosea, ban taɓa yin abu mai wuya irin wannan shirun ba.

Idonsa a rufe yake. Leɓensa ya yi rawa, ya yi rawa, sai ya rera, "To wa zai kai wa Verlean maganata?"

Na so in yi ihu in ce ga ni. Na danne, na mayar da ita waƙa: "Ga Verlean a gabanka, ita ce take rerawa." Na yi sau biyu, na jira. Na jira har ƙafata ta gaji. Ya buɗe ido, ya dube ni, ya mayar da kallonsa ƙofa. Da yamma ya karɓi 'yan cokula kaɗan na miya. Tun daga ranar kullum ina jawo kujerar ina gwadawa, amma baitin nan ɗaya shi ne duk abin da na samu. Ban sani ba ko kiɗan ne babu, ko hannunka, ko kuwa kai ɗin ne kawai.

Ya Ubangiji, ka ji ƙan bawanka Hosea. Ka yafe masa kurakuransa, ka duba tsofaffin da ya sa dariya a gadon ciwo, da yaran da ya mayar wa muryar kakanninsu, da gidan nan da ya shiga ya tarar da shiru ya bar shi da magana. Ka ba shi hutu a wurinka, ka karɓe shi da hannu biyu yadda ya karɓi kowa.

Ardella, 'yata, ina yi miki ta'aziyya, ke da 'ya'yanki da dukan dangin Brumfield na nan da na Chicago. Ba ke kaɗai kika yi maraici ba, garin nan duka ya yi rashi. Allah ya ba ku haƙuri, ya tsaya muku, ya sa albarkar mahaifinku ta bi ku.

Mu kuma biyu da aka bari a falon nan, ku sa mu a addu'a. Allah ya ba ni ƙarfin rerawa da haƙurin yin shiru, ya sa kafin ɗayanmu ya tafi, Odell ya gane cewa yanzu ni ce nake tambaya, ya amsa mini.