Abin da Na Riƙa Zuba wa Mma a Koko

Lokacin ina shekarar farko a makarantar koyon jinya a Tamale, ni yarinya ce mai kunya, ba na iya ɗaga ido a gaban manya, littafi ne abokin hirata. A nan na karanta cewa bitamin D, bayan hanta da ƙoda sun sarrafa shi, shi ke sa hanji ya tsotsi kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi. Sai hankalina ya koma kan mahaifiyata, wadda muke kira Mma. Wagashi, wato cuku, take soyawa a bakin titi a unguwar Lamashegu, kullum tana cikin rana, cukun kuma ba ya barin bakinta. Lafiyarta ƙalau. Sau ɗaya ta ce gwiwarta ta yi tsami, ni kuwa na yanke cewa ƙashinta ya fara lalacewa.

Na sayo ƙwayoyi masu ƙarfi, na bitamin D da na kalsiyam. Na san in na miƙa mata za ta yi dariya, ta ce likitar gida ta iso. Don haka na riƙa daka su ina zuba mata a koko kowace safiya, ban taɓa tsallakewa ba.

Bayan wasu watanni ƙishirwa ta kama ta, fitsari ba iyaka, ciki ya ɗaure. Ranar da ta bar mai yana ƙonewa a kasko tana kallonsa, muka kai ta asibiti. Likita ya ce kalsiyam ya yi yawa a jininta, alhali sinadarin da ke daidaita shi, wanda ake samarwa a wuya, ya yi ƙasa sosai. Ya tambaya ko tana shan wani magani. Mma ta rantse ba ta sha. Ina tsaye ina jin ta. Sai da ya ambaci gwajin ciwon daji a Kumasi, sannan na faɗi abin da nake zuba mata a koko.

Ta warke, amma ƙodarta ba ta koma daidai ba. Na gane cewa jiki mai lafiya yana da ma'auninsa, rana da abinci sun ishe ta tun farko. 'Yan'uwana ɗalibai, kada ku ba mai lafiya magani saboda shafin da kuka karanta, balle a ɓoye.

Mma ta ce ta yafe mini, na kuma yarda. Amma har yau, ko ina zaune kusa da ita, da kanta take dama kokonta.